Tun daga takarda jirgi ke tsira: rayuwar Colin Archer da darasinta ga kogunanmu

Duk wanda ya hau tudun Mpape, ya gangara tsohon wurin fasa dutsen nan da ruwa ya cika, wanda mutanen Abuja suka riƙa tururuwar zuwa kallo a shekarar 2020, zai tarar da ruwa kwance lumui a tsakanin duwatsu. Ga yawancin mazauna babban birnin tarayya, ruwa bai wuce haka ba, wurin ɗaukar hoto ne ranar Asabar. Amma cikin ma'aikatan da ke kwana a Mpape suna saukowa Maitama da Sakatariyar Tarayya kowace safiya, akwai 'yan Yawuri da Ngaski da Borgu da Mokwa da Patigi, waɗanda iyayensu ba sa zuwa kasuwa ko biki ko asibiti sai sun shiga jirgi. Su kam idan damina ta yi nisa, kiran waya daga gida da tsakar dare faɗuwar gaba ne.

Suna da hujja. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya ɗauko fasinjoji sama da 150 daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya dare a tsakiyar ruwa, kuma kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. A farkon Oktoban 2024 aka sake yin wani rashin a kusa da Gbajibo, a yankin Mokwa. Allah Ya jiƙan su.

Bayan kowane hatsari dalilan da ake lissafawa ba sa canjawa: lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, babu rigar ceto, an yi karo da kututture. Duk gaskiya ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, shi kansa jirgin wa ya tsara sifarsa, wa ya lissafa abin da zai iya ɗauka, kuma wa ya yi tunanin abin da zai faru da shi in ruwa ya shiga ciki? Wannan tambayar sana'a ce guda, sana'ar mai zayyana jiragen ruwa. Cikin waɗanda suka yi ta, da wuya a sami wanda labarinsa ya dace da halin da muke ciki kamar wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Colin Archer.

Makiyayin tumaki da ya koma bakin teku

An haifi Archer ranar 22 ga Yulin 1832 a Larvik, wani ƙaramin gari a gaɓar kudancin Norwe. Shi ma garin duwatsu ne kamar Mpape, domin daga can ake haƙo wani dutsen ado da ake kira da sunan garin. Iyayensa 'yan Sikotlan ne da suka yi ƙaura zuwa Norwe a 1825, kuma shi ne na 12 cikin 'ya'ya 13. Gidansu, Tollerodden, a bakin ruwa yake.

Bai yi karatun injiniya a jami'a ba. A 1850, yana ɗan shekara 18, ya bar gida neman arziki. Ya bi ta Kalifoniya da Hawayi kafin ya isa Ostireliya, inda yayyensa ke kiwon tumaki a yankin da ake kira Kwinslan a yau. A 1855 shi ne ya tuƙa wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska ya haura Kogin Fitzroy da kayan masarufi zuwa sabon mazaunin 'yan'uwansa, a kusa da inda birnin Rockhampton ya kafu daga baya. A 1861 ya komo Larvik da ɗan abin hannunsa, ya zauna ya duƙufa kan littattafai. Ya karanta ayyukan Fredrik Henrik af Chapman, masanin ƙera jirage na Suwidin, da na John Scott Russell, Baturen Birtaniya da ya yi nazarin yadda jirgi ke tsaga ruwa. Yana karatu yana sassaƙa, yana gwada abin da ya karanta a kan ruwan da ke ƙofar gidansu. A ƙarshen shekarun 1870 ya fitar da nasa ra'ayin kan yadda ya kamata a rarraba kaurin jikin jirgi daga goshi zuwa baya don ya rage ja-in-ja da ruwa.

Sai dai abin da ya ɗaukaka sunansa ya fi gudun jirgi nauyi. Mutanen da yake gani kullum ne ke mutuwa a teku.

Masu yi wa manyan jirage jagora

Gaɓar Norwe cike take da tsibirai da duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Babban jirgin da ya zo daga wata ƙasa ba ya shiga tasha sai da ɗan gari da ya san hanya. Waɗannan 'yan jagora kan fita da ƙananan jiragensu su jira a teku, kuma wanda ya riga isa wurin baƙon jirgi shi ke samun aikin. Saboda haka kowa na ƙoƙarin yin nisa fiye da ɗan'uwansa, ko da iska na kaɗawa. Ana barin mata da zawarci, yara da maraici.

Archer ya dubi jiragen nasu da idon mai lissafi. A nan ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ke kifar da jirgi. Jirgin da iska ke turawa yana da dogon jigo a tsaye, an ɗaura masa ƙyalle mai faɗi. Iska na danna ƙyallen ta gefe, tana neman kwantar da jirgin. Abin da ke maido da shi tsaye abu biyu ne: faɗin jikinsa, da nauyin da ke can ƙasansa. Duk yadda nauyi ya yi ƙasa, haka jirgi ke da ƙarfin miƙewa bayan ya karkata, kamar yadda tulun da aka zuba wa yashi a gindi ke da wuyar turewa. A tsohuwar al'ada duwatsu ake jibgewa a cikin jirgi don wannan aiki. Amma dutsen da ke ciki bai yi ƙasa sosai ba, kuma in jirgi ya karkata da yawa yana iya gangarawa ɓangaren da ya nutse, ya ƙarasa aikin iska.

Daga farkon shekarun 1870 Archer ya shiga ƙera jiragen 'yan jagora. Ya zurfafa gindinsu. Daga baya ya ɗaure ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin ƙashin bayan jirgin, daga waje, inda ba zai motsa ba. Ya kula da rufin sama don igiyar ruwa da ta faɗo ta zube ta koma teku. Ya bar goshi da baya duka masu tsini, yadda aka saba a ƙasar tun zamanin kakanni. Wannan batu na ƙarshe abin lura ne: bai zo da baƙon jirgi ya ce a watsar da na gida ba. Ya ɗauki wanda masunta da 'yan jagora suka sani, suka iya tuƙawa, suka iya gyarawa, ya gyara masa wuraren da ke kashe su. Da jiragensa suka nuna kansu a teku, sai sauran maƙera suka shiga kwaikwayo, har sunansa ya zama sunan wannan samfurin jirgi baki ɗaya.

Jirgin da ke fita lokacin da kowa ke gudowa

A 1891 aka kafa ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Norwe, bisa ƙoƙarin wani likita, Oscar Tybring. Tunaninsu ya bambanta da na ƙasashen da ke ajiye kwale-kwalen ceto a gaɓa suna jiran a kira. Su jirgi suke so da zai bi ayarin masunta duk inda suka tafi, ya kwana tare da su a teku, ya janyo wanda ya kasa. Jirgin farko da ƙungiyar ta yi wa rajista, wanda aka sa a ruwa a 1893, Archer ne ya zayyana shi ya ƙera shi, kuma sunansa aka sa masa.

Tsawonsa bai kai mita 14 ba, faɗinsa ya haura mita huɗu da rabi. Babu inji a cikinsa ko ɗaya. An yi masa bango biyu, na waje da na ciki, yadda ko dutse ya fasa na wajen, na cikin zai tare ruwa. Ramin da matuƙi ke tsayawa an yi masa mafitar ruwa. An rarraba ƙyallensa ƙanana-ƙanana a kan jigo biyu, domin mutum kaɗan su iya sarrafa shi cikin guguwa.

A watan Mayun 1894 aka gwada shi. Guguwa ta rutsa da masunta a Hamningberg, wani ƙauye a can ƙuryar arewacin Norwe. Jirgin ya taso daga Vardø ƙarƙashin jagorancin Nicolai Anthonisen, ya shiga inda sauran suka kasa, ya fito da mutum 36. Ya yi shekara 40 yana aiki, har zuwa 1933, kuma an lissafa cewa ya ceci rayuka sama da 230, ban da jirage fiye da 1,500 da ya taimaka wa. Har yanzu yana nan, kuma ana fita da shi teku.

Fram: jirgin da aka ƙera don ƙanƙara ta matse shi

Aikin da ya kai sunan Archer duniya shi ne Fram, kalmar da ke nufin "gaba" a harshensu. A 1881 ƙanƙara ta murƙushe wani jirgin Amurka mai suna Jeannette a arewacin Siberiya. Bayan shekara uku aka tsinci tarkacensa a gaɓar Girinlan, can ɗaya ɓangaren. Masanin kimiyya Fridtjof Nansen ya ce ashe ƙanƙarar da ta rufe tekun arewa tafiya take yi. Ya yanke shawarar ya kai jirgi cikinta da gangan, ta daskare da shi, ta ɗauke shi ta ratsa ƙuryar arewacin duniya. Manyan masana tafiyar ƙanƙara na lokacin da dama sun ɗauki wannan a matsayin ganganci, domin a saninsu ƙanƙara in ta matse jirgi sai ta farfasa shi.

Archer bai nemi ya fi ƙanƙara ƙarfi kawai ba. Ya yi wa jirgin ciki kamar ƙwarya, babu kusurwa, babu wurin kamawa. In ƙanƙara ta matso daga dama da hagu, sai jirgin ya suɓuce ya yi sama, kamar jiƙaƙƙen sabulu a tafin hannu. Tsawonsa mita 39, faɗinsa mita 11, wato gajere ne mai ƙiba in aka kwatanta da jiragen zamaninsa. Kaurin bangonsa ya haura rabin mita, an lulluɓe wajensa da wani itace mai tsananin tauri da ake samu a Kudancin Amurka, an kuma tokare cikinsa da ginshiƙai ta kowace fuska. Yana da jigo uku na kama iska da ƙaramin injin tururi. Farfelarsa da abin juya akalarsa duka ana iya janye su sama don kada ƙanƙara ta karya su.

An sa shi a ruwa ranar 26 ga Oktoban 1892. Ya tashi a Yunin 1893, ya daskare a watan Satumba, ya yi kusan shekara uku ƙanƙara na tafiya da shi, sannan ya fito a Agustan 1896 kusa da tsibirin Spitsbergen. Mutum 13 suka tafi, 13 suka dawo gida. Otto Sverdrup ya sake tafiya da shi daga 1898 zuwa 1902. Shi ne kuma ya kai Roald Amundsen nahiyar ƙanƙara ta kudu, inda ya zama na farko da ya taka ƙuryar kudancin duniya ranar 14 ga Disamban 1911. Yau Fram na ajiye a gidan tarihi a Oslo.

Yana da aibinsa. Cikin nan mai kama da ƙwarya da ya cece shi a ƙanƙara ya sa yana tangaɗi ƙwarai a buɗaɗɗen teku, har matafiya na galabaita. Archer ya san haka zai faru. Babu jirgin da ya dace da kowane ruwa, aikin mai zayyana shi ne ya san wane ruwa jirgin zai shiga da wane hatsari ya fi kusa da shi, ya zaɓi abin da zai sadaukar.

Archer ya ƙera jirage sama da 200 kafin ya ajiye aiki a 1909. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairun 1921. Tasirinsa bai tsaya a Norwe ba. Suhaili, jirgin da Robin Knox-Johnston ya zagaya duniya da shi shi kaɗai ba tare da tsayawa ba tsakanin 1968 da 1969, an ƙera shi ne a Bambai ta Indiya bisa wani zane da ya samo asali daga samfurin Archer.

Abin da zai tambaya a bakin Kainji

Mu ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano yana haƙar rijiya a 1987 a yankin da yanzu ke Jihar Yobe, ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita takwas, kuma yana cikin mafiya daɗewa da aka sani a duniya. Sarkawan Kabi da Gungawan Yawuri da masu jirgin ƙasar Nufe sun gaji sanin ruwa kaka da kakanni. Masassaƙin da ke bakin kogi, da gizagonsa da ƙusoshinsa, yana riƙe da ilimin da babu shi a littafi.

Amma ruwan ya sauya, lodin ma ya sauya. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogi ya zama tafki mai faɗi wanda iska ke tayar masa da igiya, ga itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye a ƙarƙashi. Jirgin da aka saba turawa da gora ko filafili an ƙara masa tsawo, an maƙala masa inji, an ɗora masa babura da buhuna da mutane. Sifar da ta dace da wancan zamani aka miƙar, ba tare da an sake lissafi ba.

Lissafin kuwa ba gagara ba ne. Mita ɗaya ta kowace fuska na ruwan kogi nauyinsa tan ɗaya ne. A ɗauki misalin jirgi mai tsawon mita 15 da faɗin mita biyu, wanda shimfiɗarsa a kan ruwa ta kai murabba'in mita 25. Duk tan ɗaya da aka ƙara masa, wato kimanin manya 15, zai nutsar da shi santimita huɗu. In aka ƙara mutum 60 a kan ƙa'ida, ya yi ƙasa da santimita 16. Jirgin da dama tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce taki ɗaya ba, me ya rage masa? Ƙaramar igiya ta isa. Da ruwa ya shiga kuwa, sai ya riƙa gudu zuwa duk ɓangaren da jirgin ya karkata, fasinjoji su firgita su ruga ɗaya gefen, shi ke nan.

Da mai irin tunanin Archer zai tsaya a Wara ko Malale, tambayoyinsa ba za su yi yawa ba. Ina layin da aka shata a jikin jirgi wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi? Birtaniya ta wajabta irin wannan layi tun 1876 bayan gwagwarmayar ɗan majalisa Samuel Plimsoll, kuma fenti kawai yake ci, ko wanda bai yi boko ba zai gane shi daga gaɓa. Me ya sa cikin jirgin yake zauren ɗaki guda, ba a raba shi da bangaye ba, yadda huda ɗaya ba za ta cika shi duka ba? Ina abin da aka ɗaure a ƙarƙashin kujeru, ko da rufaffun jarkoki ne, da zai sa jirgin ya ci gaba da yawo a saman ruwa bayan ya cika, mutane su sami abin riƙewa? Wane ginshiƙi ne ke riƙe da tsawonsa don kada ya karye biyu in ya daki kututture? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin masassaƙinmu, in an zauna da shi an nuna masa dalili.

Abin da ke kan teburin ma'aikaci

A nan maganar ta dawo Abuja. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙiro a 2023. An yi dokoki kan tafiyar dare da sa rigar ceto, an raba riguna a jihohi, an kuma sha yin kira a sauya jiragen katako da na roba ko na alminiyam. Duk wannan yana da amfani. Sai dai yana da kyau a tuna cewa Fram da jirgin ceton Hamningberg na katako ne. Jirgin robar da aka yi wa mummunan tsari, aka cika shi fiye da kima, zai kife kamar kowane. Kuma jirgin da aka sayo daga nesa, wanda babu mai iya gyara shi a ƙauye, ƙarshensa a gan shi kife a gaɓa awaki na shan inuwa, mutane sun koma wa na da.

Ƙasar nan ba ta rasa masu ilimin ba. Rundunar sojan ruwa ta ƙera jiragenta a Legas: NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016, NNS Oji a 2021. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Teku a Oron, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Bussa, a bakin Kainji kanta. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai lissafi da mai gizago a inuwa ɗaya, a fitar da zanen jirgin fasinja biyu ko uku da suka dace da Neja da Binuwai da manyan tafkuna, a gwada su da lodi a gaban jama'a, a ba maƙera zanen kyauta.

Wannan aikin ba minista ne zai fara shi ba. Yana farawa ne daga jami'in da ke rubuta ƙa'idojin kwangila, da mataimakin da ke shirya wa ɗan majalisa jerin ayyukan mazaɓa, da akawun da ke duba takardar biya. Idan takarda ta zo tana cewa a sayi jirage 20, akwai damar a tambaya: wa ya zana su, mutum nawa aka lissafa wa kowanne, a wane ruwa aka gwada shi, kuma in ya cika da ruwa zai nutse ko zai tsaya? In ba a sami amsa a rubuce ba, a mayar da fayil ɗin.

Mun yi imani kowa da ajalinsa, kuma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ma'aikacin da ya hau motar Mpape da yamma, ya bar fayil irin wannan a kan teburinsa, wataƙila mahaifiyarsa ce za ta shiga jirgin ranar kasuwar Wara mai zuwa.